Waɗanda ke bayan katanga: sake kallon Les Maîtres fous na Jean Rouch

Ba kowace kalmar Hausa ce ta yi irin tafiyar da kalmar "hauka" ta yi ba. Wajen shekarar 1925 ta zama sunan wasu sababbin iskoki a ƙasar Kurfai, ta bi ƴan ci-rani zuwa Gwalkwas, wato Gana ta yau, daga can kuma ta shiga ɗakunan kallo na birnin Pari da azuzuwan jami'o'in Turai da Amurka. Abin da ya kai ta can wani gajeren fim ne na kimanin rabin sa'a, Les Maîtres fous, wanda Jean Rouch ya ɗauka a 1954, ya fito a 1955. An yi rubuce-rubuce da yawa a kansa, galibinsu game da mulkin mallaka da yadda Bature ke kallon baƙar fata. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne wanda sunan fim ɗin ya ambata ƙarara, wato haukan kansa. Me fim ɗin ya faɗa game da ciwon taɓin hankali, me kuma ya bari bai faɗa ba? A nan wannan sharhi zai tsaya, domin amsar ta shafi mutanen da ke cikin gidajenmu a yau, a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai.

Abin da ido ke gani

Fim ɗin ya buɗe da birnin Akra, wanda Hausawa ke kira Ankara, da hayaniyar motocinsa da ɗimbin baƙin da suka zo neman kuɗi daga arewa: ƴan dako, masu haƙar rami, masu sharar kwata, masu kiwo. Daga cikinsu akwai mutanen Nijar, Zabarmawa da Hausawa. Ranar Lahadi sai suka cika motoci suka fita bayan gari, zuwa gidan wani manomin koko wanda shi ne jagoran bikinsu na shekara. A tsakar gidan akwai wani suri da aka shafa wa fenti aka mai da shi fadar gwamna, akwai gunkin gwamnan kansa, akwai bindigogin katako da jajayen ɗamaru da hulunan Turawa. Kafin a fara, masu laifi suna furta laifinsu a gaban jama'a, a yanke musu tarar rago ko kaza. Sannan mai goge ya sa hannu.

Ɗaya bayan ɗaya iskokin suka hau dawakansu. Ga kofur mai gadi, ga direban jirgin ƙasa, ga janar, ga matar likita da ake kira Madam Lokotoro, ga gwamna. Idanu sun juye, kumfa na zuba daga baki, ana tafiyar soja ana sara wa juna, ana kara wuta a jiki domin a nuna cewa wanda ke tsaye a nan ya daina zama mutum. Daga ƙarshe aka yanka kare, aka dafa, aka ci. A tsakiyar wannan Rouch ya yi yankan da ya fi kowanne shahara a fim ɗin: an fasa ƙwai a kan gunkin gwamna, sai hoto ya koma kan gwamnan Ingila na gaskiya a filin fareti, fararen gashin tsuntsu na zubo masa daga saman hula. Mai kallo ba ya buƙatar bayani kafin ya gane wa ake kwaikwayo.

Ta fuskar sana'a aikin abin yabo ne. Kyamarar da Rouch ya riƙe ƴar ƙarama ce mai wani, ba ta wuce ƴan daƙiƙoƙi sai ta tsaya a sake wana ta, shi ya sa hotunan suka zo guntu-guntu, kuma wannan gajartar ce ta ba fim ɗin numfashinsa na gaggawa. Damouré Zika na cikin waɗanda suka ɗauki sauti, Suzanne Baron ce ta harhaɗa hotunan. Sai dai murya ɗaya ce ke fassara komai daga farko har ƙarshe, muryar Rouch. Mutanen suna magana, amma da bakinsa muke jin su.

Da aka nuna fim ɗin a Musée de l'Homme a Pari, malaminsa Marcel Griaule ya so a lalata shi, ɗaliban Afirka da ke wurin suka fusata, hukumomin Ingila kuma suka hana nuna shi a Gwalkwas saboda cin fuskar da aka yi wa gwamna. Duk da haka ya ci kyauta a bikin fina-finai na Venis a 1957. Shekaru bayan haka, a 1965, Ousmane Sembène ya faɗa wa Rouch ido da ido cewa irin fina-finansa suna kallon mutanen Afirka kamar ƙwari. Fushin ɗaliban yana da hujja, don sun san abin da masu raina baƙar fata za su yi da hoton mutum mai kumfa a baki. Amma a lura da wani abu: abin da ya ɓata ran ɗaliban da abin da zai faranta ran mai wariyar launin fata tushensu ɗaya ne, wato yarda da cewa babu ƙasƙancin da ya kai a ga mutum cikin kamannin mahaukaci. A kan wannan ba a yi gardama a ɗakin ba.

Daga Filinge zuwa Akra

Kafin a yi hukunci a kan fim ɗin sai an san su wane ne Hauka. Masana tarihi, irin su Finn Fuglestad da ya yi rubutu a kansu a 1975, sun danganta farkonsu da yankin Filinge, inda wata mata mai suna Shibo ta tara mabiya a tsakiyar shekarun 1920. Ana kuma kiran su Babule. Matasa suka riƙa barin garuruwa, suna ƙin biyayya ga sarakunan da Faransawa suka ɗora, suna kafa nasu tsarin mai gwamna da hafsoshi. Kwamandan Yamai na lokacin, Croccichia, ya kama su ya kulle. Sakamakon da ya samu shi ne shiga jerin iskokin da kansa, da sunan Kwamandan Mugu.

Hausawa na cewa tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Da wuya a sami karin maganar da ta fi wannan dacewa da mutanen da aka ci da yaƙi, aka ɗora musu haraji da aikin tilas, suka ɗauki siffar wanda ya ci su suka sa a jikinsu. Sunan da Rouch ya ba fim ɗin ma fuska biyu gare shi a Faransanci: ana iya fahimtar sa da iyayengijin da suka haukace, wato Turawan mulki, ana kuma iya fahimtar sa da gwanayen da suka mallaki hauka. Abin lura a nan shi ne kwamandan bai kai su gun likita ba, kurkuku ya kai su. Ya gane cewa abin da ke gabansa tawaye ne mai tsari da shugabanni, kuma masu shi lafiyarsu lau.

Mintocin ƙarshe

Washegarin bikin Rouch ya koma Akra yana neman mutanensa. Ya same su kowa a bakin aikinsa, wani a kasuwa, wasu kuma leburorin hukumar ruwa suna haƙar rami. Ya jera fuskokinsu na yau, masu murmushi da natsuwa, kusa da fuskokinsu na jiya. Sai aka yi dace, ramin da suke haƙa a gaban asibitin masu taɓin hankali na Akra yake. A nan ya rufe fim ɗin da tambaya, wadda ma'anarta ita ce: shin waɗannan mutanen ba su san wani magani da ke hana su zama marasa lafiya, ya bar su daidai cikin jama'arsu ba, maganin da Turai ba ta kai ga saninsa ba?

Wannan wurin ne ƙarfin fim ɗin, a nan kuma rauninsa yake. Ƙarfinsa shi ne ya nuna abin da mu kanmu muka ƙi yarda da shi: mutumin da aka gani jiya cikin mafi munin kama, yau ya ɗauki shebur, abokansa suna wasa da shi, ba wanda ya janye masa ƙwaryar ruwa ko ya raba shi da aikinsa. Halin da ya shiga yana da mafari da ƙarshe, yana da suna, yana da mutanen da suka kewaye shi har ya wuce. Duk wanda ya taɓa jinyar mai taɓin hankali ya san cewa rabin waraka a nan take.

Rauninsa kuwa shi ne katangar. Fim ɗin ya aro asibitin don ya ƙawata hujjarsa, amma ba mu ji muryar ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ke ciki ba, alhali su ma ƴan Afirka ne, kuma asibitin yana nan tun 1906. In da maganin da Rouch ke zato ya wadatar, su wane ne ke kwance a ciki? Akwai ma wani mutum a farkon bikin da aka gabatar a matsayin sabon shiga, aka ce wata guda ke nan ba shi da lafiya, yana kwana a maƙabarta. A ganina shi ne mutum mafi muhimmanci a fim ɗin, shi ne kuma wanda fim na kwana biyu ba zai iya ba da labarinsa ba. Murmushin washegari ba ya gaya mana yadda ya kasance bayan wata shida.

Tatsuniya mai daɗin ji

Tambayar Rouch da kyakkyawar niyya aka yi ta, amma tana da ƴar'uwa mai mugun hali. A 1953, shekara guda kafin a ɗauki fim ɗin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafin J. C. Carothers, likitan mulkin mallaka a Kenya, wanda ya yi da'awar cewa ciwon damuwa mai tsanani ba kasafai yake kama ɗan Afirka ba. Carothers raini ya sa shi faɗin haka, Rouch kuwa sha'awa. Amma duka biyun suna kai mai mulki wuri ɗaya: tun da mutanen nan ba sa irin wannan ciwon, ko kuma suna da nasu maganin, babu dalilin kashe kuɗi a horar musu da likitoci.

Bincike ya rushe wannan zance tun da daɗewa. Aikin da Alexander Leighton da Thomas Adeoye Lambo suka fitar a 1963 game da Yarbawan yankin Abekuta ya sami alamomin cututtukan da aka sani a wasu ƙasashe. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a ƙarshen shekarun 1960 a ƙasashe 9, wanda Ibadan ke ciki, ya sami ciwon da likitoci ke kira sikizofireniya a kowanne daga cikin wuraren. Wani abin da bibiyar marasa lafiyar ta nuna, ko da yake an yi ta muhawara a kansa daga baya, shi ne na Ibadan da na Agra a Indiya sun fi na wasu biranen Turai samun sauƙi, aka kuma danganta hakan da zama cikin dangi da ci gaba da aiki. Ke nan Rouch ya hango wani yanki na gaskiya. Kuskurensa shi ne ɗaukar yankin a matsayin duka.

Abu uku da muka zuba a ƙwarya ɗaya

Wahalar da mai kallo Bahaushe ke sha da wannan fim daga harshe take farawa, don kalma ɗaya muke amfani da ita ga abubuwan da ba su haɗa hanya ba. Na farko shi ne hawan iska a fagen bori ko na Hauka, wanda ake shiryawa, a kira da kiɗa, a sallama idan lokaci ya yi. Ko mutum ya yarda da shi ko ya ƙyamace shi ta fuskar addini, wannan wata magana ce dabam. Ta fuskar likitanci dai, kundin rarrabe cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya bai lissafa irin wannan hali cikin cututtuka ba muddin yana cikin al'adar da jama'a suka sani kuma ba ya hana mutum rayuwarsa.

Na biyu shi ne farfaɗiya. Kumfar da ta firgita masu kallo a Pari ita ce ke sa mutane su watse a kasuwanninmu idan wani ya faɗi, bisa zaton cewa yawunsa na yaɗa cutar. Farfaɗiya ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukar ta ta yawu ko ta taɓawa, kuma ba hauka ba ce. Kimanin mutum miliyan 50 ke da ita a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 na iya rayuwa ba faɗuwa idan sun sami magani, wanda wani daga cikinsa, fenobarbital, ana amfani da shi tun 1912. Abin da ke naƙasa mai farfaɗiya sau da yawa shi ne wuta ko rijiyar da ya faɗa ciki lokacin da kowa ya gudu. Abin da yake buƙata kaɗan ne: a janye shi daga haɗari, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa komai a baki.

Na uku shi ne taɓin hankali na ainihi, kuma a nan ma hoton da ke kanmu ya yi ƙanƙanta. Da an ce mahaukaci sai mu ga mai tsumma a bakin tasha, yara na bin sa da jifa, irin wanda wasannin kwaikwayonmu na talabijin da fina-finan Hausa suka mai da abin dariya ko abin tsoro. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019, mutum 1 cikin 8 a duniya, kimanin miliyan 970, na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, mafi yawansu damuwa da fargaba. Sikizofireniya kuwa kimanin mutum 1 cikin 300 take kamawa. Ke nan yawancin marasa lafiyar ba a tasha suke ba. Mai jego ce da ta daina barci ta daina duban jaririnta, aka ce mayu ne. Ɗan gudun hijira ne daga yankin Difa da ke zabura cikin dare shekaru bayan harin da ya raba shi da garinsu. Saurayi ne da ya fara shan tiramol don ya jure aiki. Kuma akasin abin da ake zato, yawancinsu ba sa cutar da kowa, su aka fi cutarwa.

A unguwar da na tashi akwai wani malamin makaranta da ya yi jinyar wata uku, ya warke, ya koma aji ya koyar shekara da shekaru ba tare da wani ya sake ganin komai ba. Da ya nemi aure sai aka ce ai hauka ba ya warkewa, sai dai sauƙi. Da ƙanwarsa ta tashi aure aka ce abin a jini yake. Ciwon wata uku ya yi masa, sunan kuwa har kabari. A Yamai ma sunan sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa, Pavillon E, ya zama abin zolaya a bakin matasa, har mai buƙatar zuwa can yakan gwammace ya ɓuya. Wanda ya ɓuya kuwa sai ciwo ya yi nisa, a ƙarshe a kai ga turu da mari. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto a 2020 cewa ana ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a ƙasashe 60. Dangin da ke yin haka galibi ba mugunta ke sa su ba, gajiya ce da tsoro da rashin wurin zuwa.

Amsar da aka bayar a 1954

Tambayar da Rouch ya bari a buɗe, wani ɗan Afirka yana amsa ta a aikace a shekarar da aka ɗauki fim ɗin. A 1954 Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta: marar lafiya ya zo da ɗan'uwansa, su sauka a gidan mutanen ƙauye, da rana ya karɓi maganin asibiti, da dare ya kwana cikin mutane, masu maganin gargajiya kuma suna cikin aikin. Shekara biyu kafin nan, a 1952, likitocin asibitin Sainte-Anne a Pari sun fara amfani da kulorpuromazin, maganin farko da ya kwantar da ruɗewar hankali mai tsanani. Daga 1959 Henri Collomb ya bi hanya mai kama da ta Lambo a asibitin Fann na Dakar, inda ake zaman tattaunawa tsakanin marasa lafiya da dangi da ma'aikata. Waɗannan ba su zaɓi tsakanin ƙwaya da jama'a ba, sun haɗa su.

Wanda kuma ke ganin asibitin ƙwaƙwalwa baƙon abu ne da Nasara ya kawo, ya tuna cewa asibitin Mansuri da aka gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da sauke alhaki daga kan wanda hankalinsa ya gushe. Addu'a da rubutu ba sa hana shan magani. Abin da ke kashe mutane shi ne a ce sai ɗaya, a tsayar da ƙwaya don an fara ruƙiyya, ko likita ya kori dangi don sun ambaci iska.

Rouch ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanya, ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni ranar 18 ga Fabrairu 2004, aka binne shi a Yamai. Ƙasar nan tana da haƙƙin yi masa hisabi irin na gida, ba tare da ɗaukaka shi ko jifan sa ba. Les Maîtres fous ya cancanci a ci gaba da nuna shi, musamman ga ɗaliban aikin jinya da matasa masu koyon silima, da sharaɗin a tsayar da shi a mintocin ƙarshe a tambaye su su wa ke bayan katangar. Ƙasar da ta haifi Oumarou Ganda da Moustapha Alassane ba ta rasa masu riƙe kyamara ba. Fim ɗin da ya rage a yi shi ne wanda zai bi mutum ɗaya shekara guda, daga ranar da aka kwance masa mari zuwa ranar da ya koma gona ko aji, a nuna surukansa da maƙwabtansa da layin karɓar magani, a kuma bar shi ya ba da labarin da bakinsa, cikin Hausa ko Zabarmanci, ba mai fassara a tsakani.